Sa Rana da Zaman Jira: Ma'anar Shirin Dawowar Almasihu a Wurin Mabiya William Miller, 1831 zuwa 1863

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi magana ne a kan wani al'amari da ya auku a ƙasar Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da dubban Kiristoci suka sa wa dawowar Yesu Almasihu rana, watau Talata, 22 ga watan Oktoba, 1844. Suka yi mata shiri iyakar ƙarfinsu, ranar ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Yanke hukunci a kan gaskiyar aƙida ko rashinta aikin malaman addini ne, ba za mu shiga gonarsu ba. Abin da ya dame mu, mu masu nazarin tarihi, shi ne kalmar nan "shiri". Me mutum yake yi da gonarsa, da bashin da ake binsa, da iyalinsa, in ya sakankance cewa saura mako uku duniya ta tashi? Kuma me shirin yake komawa in gari ya waye duniyar tana nan daram? Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ma'anar shiri ta yi ta sauya kama a hannun waɗannan mutane cikin shekara talatin da 'yan kai, kuma sa ranar nan ne musabbabin sauyin.

Da yawa daga cikin masu sauraro sun san batun saukowar Annabi Isa a ƙarshen zamani ta fuskar Musulunci. A nan za mu tsaya ne ga fahimtar Kirista, mu kuma yi amfani da kalmominsu.

Tushen Matsalar

Sabon Alkawari ya bar wa Kirista umarni biyu waɗanda ba kullum suke tafiya tare cikin sauƙi ba. A sura ta 25 ta Bisharar Matiyu akwai misalin budurwai goma masu jiran ango da fitilunsu. Biyar sun yi guzurin mai, biyar ba su yi ba, ango ya yi jinkiri har tsakar dare, waɗanda suka fita neman mai suka dawo suka tarar an rufe ƙofa. Nan take bayan wannan sai ga misalin bayin da ubangidansu ya damƙa wa dukiya su juya kafin ya komo daga tafiya, inda wanda ya binne tasa ya sha hukunci. Misali na farko yana cewa a zauna a faɗake, na biyu kuwa yana cewa a ci gaba da sana'a. Har wa yau surar da ta gabaci wannan ta lissafa alamun ƙarshen zamani, amma ta ce ranar da sa'ar a ɓoye suke ga kowa.

Tun zamanin manzanni aka fara cin karo da wannan. Wasiƙar Bulus ta biyu ga Tasalonikawa ta tsauta wa waɗanda suka daina aiki suna zaman cin guminsu wasu. A farkon ƙarni na 3 Hippolytus, cikin sharhinsa na littafin Daniyel, ya ba da labarin wani shugaban ikilisiya a yankin Fontus wanda ya yi wa jama'arsa alkawarin cewa shari'a za ta zo cikin shekara guda. Suka bar gonakinsu, wasu suka sayar da abin hannunsu, shekara ta cika suka koma bara. Daga baya Augustine na Hippo ya kwantar da ƙurar, da ya fassara shekara dubun nan da ke cikin Wahayin Yahaya da cewa zamanin ikilisiya ne wanda ake ciki, ba wani mulki da za a zauna ana ƙirga ranar zuwansa ba. Wannan fassara ta daɗe tana rinjaye a Turai.

A Amurka ta farkon ƙarni na 19 kuwa, ra'ayin da ya fi ƙarfi a tsakanin malaman Furotesta shi ne cewa duniya za ta yi ta gyaruwa ta hanyar wa'azi har a sami shekara dubu ta salama, sa'an nan Almasihu ya zo a ƙarshenta. A wurin masu wannan ra'ayi, shiri shi ne gyaran jama'a: yaƙi da shan giya, yaƙi da bauta, kafa makarantu, aika 'yan mishan. Mashahurin mai wa'azin nan Charles Finney har ya taɓa cewa in ikilisiya ta yi abin da ya wajaba a kanta, zamanin salamar zai iya zuwa ƙasar cikin shekara uku. A cikin wannan yanayi ne wani manomi ya fito da akasin haka.

Manomi da Lissafinsa

An haifi William Miller a 1782, ya tashi a ƙauyen Low Hampton a jihar New York. Bai yi karatu mai zurfi a makaranta ba, amma mutum ne mai cin littafi. Da ƙuruciyarsa ya karkata ga ra'ayin masu cewa lalle akwai Mahalicci, amma ya halicci duniya ne ya bar ta tana tafiya da kanta, ba wahayi ba mu'ujiza. Ya yi aikin soja a yaƙin Amurka da Ingila na 1812 har ya kai muƙamin kyaftin, kuma yana wurin a gumurzun Plattsburgh na 1814, inda 'yan Amurka suka yi nasara alhali abokan gaba sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Wannan ya girgiza ra'ayinsa. A 1816 ya tuba ya koma ikilisiyar Baftis.

Tsofaffin abokansa suka dame shi da gori, cewa ai shi da bakinsa ya sha faɗin Littafi Mai Tsarki yana karo da kansa. Sai ya ɗauki alkawarin bin littafin aya aya, ba tare da sharhin kowane malami ba, sai littafin jerin kalmomi na Cruden kaɗai. A 1818 ya isa ga sakamakon da ya tsorata shi kansa. Ga yadda lissafin yake. Daniyel 8:14 ta ambaci kwana 2,300 waɗanda bayansu za a tsarkake wuri mai tsarki. Miller ya bi ƙa'idar da masu fassara da yawa suka bi kafinsa, cewa kwana ɗaya na annabci shekara guda ne, bisa Littafin Ƙidaya 14:34 da Ezekiyel 4:6. Ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da sarkin Farisa Artashate ya ba Ezra izinin komawa Urushalima. In an ɗebe 457 daga 2,300, saura 1843. Wuri mai tsarkin kuwa, a fahimtarsa, duniya ce, tsarkakewarta kuma da wuta ne ranar dawowar Almasihu.

Abin lura a nan shi ne Miller bai yi da'awar wahayi ko mafarki ba. Hujjarsa ɗebewa ce da tarawa, wadda kowane manomi mai alƙalami zai iya bi ya gwada da kansa. A ganina wannan ne asirin ƙarfinta a cikin al'ummar da ke alfahari da cewa kowa na iya karanta Littafi ya fahimta ba sai da limami ba. Duk da haka ya yi shekara goma sha uku yana nauyin baki. Sai a watan Agusta na 1831 ya yi wa'azinsa na farko a garin Dresden. A 1836 aka buga laccocinsa a littafi.

Da a ce a nan aka tsaya, da labarin bai wuce ƙauyukan Vermont da New York ba. Amma a ƙarshen 1839 ya haɗu da Joshua V. Himes, wani fasto na birnin Boston, ɗan gwagwarmayar hana bauta, wanda ya san sirrin maɗaba'a. Himes ya kafa jaridar Signs of the Times a 1840, da The Midnight Cry a New York a 1842. Aka buga ƙasidu ba iyaka, aka zana manyan allunan zane masu hotunan dabbobin wahayin Daniyel da lissafin shekaru a gefe, aka ɗinka wani ƙaton tanti mai cin dubban mutane ana yawo da shi gari gari. Zamanin ma ya taimaka. Karayar tattalin arziki ta 1837 ta rage wa mutane amincewa da cewa duniya gyaruwa take yi, tsofaffi suna tune da ruwan taurarin daren 13 ga Nuwamba, 1833, ga kuma tauraro mai wutsiya da ya bayyana a farkon 1843. Masana tarihi sukan ƙiyasta mabiyan tsakanin 50,000 da 100,000, ban da masu saurare da kunne ɗaya.

Yadda Shirin Ya Sauya

A shekarun farko, shirin da Miller yake kira gare shi bai bambanta da na kowane mai wa'azin farkawa ba: tuba, addu'a, gyara tsakaninka da Ubangiji. Shi ya sa fastocin Baftis da Metodis da sauransu suke gayyatarsa, ko da ba su yarda da lissafinsa ba, domin in ya yi mako guda a gari majami'u sukan cika. Bai ce kowa ya bar ikilisiyarsa ba, bai ce kowa ya bar gonarsa ba. Da aka matsa masa ya faɗi lokaci, iyakar abin da ya ce shi ne tsakanin 21 ga Maris, 1843 da 21 ga Maris, 1844. Masu kawo masa ayar ɓoyuwar rana da sa'a kuwa yakan amsa musu da cewa shi shekara ya ambata.

Da lokaci ya ƙarato sai zaman ya yi tsami. Majami'u suka fara rufe ƙofofinsu, ana korar mabiya Miller daga zumunta. A 1843 Charles Fitch, ɗaya daga cikin manyan masu wa'azinsu, ya yi wata huɗuba inda ya ce Babilar da Wahayin Yahaya ya umarci masu bi su fita daga cikinta ta haɗa har da ikilisiyoyin Furotesta da suka ƙi saƙon. Daga nan shiri ya ɗauki sabuwar ma'ana, watau ficewa daga ikilisiyar iyaye da kakanni. Miller bai so haka ba, amma ragamar ta riga ta kuɓuce masa.

Maris na 1844 ya wuce. Miller ya fito ya amsa kuskurensa. Jikin mutane ya yi sanyi, sai dai sun sami abin riƙewa a cikin misalin budurwan nan: ai an ce ango ya yi jinkiri. To, a watan Agusta, a wani taron zango a Exeter ta jihar New Hampshire, wani mai suna Samuel S. Snow ya kawo gyara. Ya ce shekara 2,300 ba za su cika ba sai kakar 1844. Ya ƙara da cewa tun da mutuwar Almasihu ta dace daidai da ranar Idin Ƙetarewa, to dawowarsa za ta dace da Ranar Kafara, watau goma ga wata na bakwai na Yahudawa, ranar da babban firist yake fitowa daga wuri mafi tsarki ya sa wa jama'a albarka. Bisa ƙirgar Yahudawan Karait, in ji shi, ranar ta faɗo a 22 ga Oktoba. Wannan ne, a cewarsu, kiran tsakar dare.

Maganar ta bazu kamar wutar daji, kuma daga ƙasa ta taso, shugabanni suna bin baya. Himes ya yi ɗari-ɗari da ita. Miller kansa bai karɓe ta ba sai 6 ga Oktoba, saura kwana goma sha shida.

Makonnin nan na ƙarshe su ne suka fi cancantar nazari, domin a cikinsu ne misalin budurwai ya haɗiye misalin bayi masu juya dukiya. Wanda bai san rana ba dole ya yi shuka ya yi girbi. Wanda ya san rana kuwa, girbin kansa ya zama shaidar rashin bangaskiya: in ka tona dankalinka ka adana don hunturu, ashe kana zaton za ka ga hunturun. Saboda haka manoma a New Hampshire da maƙwabtanta suka bar amfanin gona a tsaye, masara ba a karya ba, dankali ba a tona ba. 'Yan kasuwa suka rufe kantuna. Wasu suka sayar da kadarori suka zuba kuɗin a buga jaridu, injinan ɗab'i suna aiki dare da rana, ana rabawa kyauta. Wasu suka biya wa 'yan'uwansu matalauta bashi domin kada ranar ta riski kowa da hakkin wani a wuyansa. Mutane suka yi ta neman waɗanda suka ɓata wa suna roƙon gafara, waɗanda suka taɓa cin amana suna mayar da abin da suka ci. Aka yi ta yin baftisma a ruwa mai sanyin gaske. Fitch da muka ambata ya kamu da zazzaɓi bayan irin wannan baftisma, ya rasu ran 14 ga Oktoba, iyalinsa suna sa ran ganinsa bayan kwana takwas.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu taɓa batun fararen riguna. Labarin da ya fi yawo game da mutanen nan shi ne wai sun ɗinka fararen riguna na hawa sama, suka hau tuddai da rufin ɗakuna suna jira. Jaridun lokacin sun yi ta ba'a da shi, littafin Clara Endicott Sears na 1924 kuma ya ƙara masa rai. A 1944 Francis D. Nichol ya bi diddigin labarin, ya nuna cewa jita-jita ce wadda ba ta da shaidar gani da ido, kuma su mabiyan sun ƙaryata ta tun a lokacin. Gaskiya ne Nichol ɗan gida ne mai kare nasa, amma masana da yawa da ba 'yan ɗariƙarsa ba sun karɓi hukuncinsa a wannan gaɓa. Illar labarin rigar ita ce ya mai da al'amarin abin dariya, ya rufe abin da ya fi shi nauyi. Ɗinka riga abu ne mai arha. Barin abincin shekara a gona, a ƙasar da ƙanƙara take rufe ƙasa wata da watanni, shi ne ma'aunin yadda suka gaskata.

Bayan Wayewar Gari

Mafi yawansu a gidaje da ɗakunan taro suka yi jiran, suna addu'a da waƙoƙi. Rana ta faɗi, dare ya raba. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Hiram Edson, wani manomi na Port Gibson, ya rubuta daga baya cewa kuka suka yi ta yi har gari ya waye. Da safe ga ba'ar maƙwabta, yara suna bin su a titi suna tambayarsu ko ba su tashi sama ba. A wasu garuruwa abin ya wuce ba'a, aka farfasa wuraren taronsu, a Ithaca aka ƙone. Himes ya shiga tara gudummawa don ciyar da waɗanda suka rasa abin kai wa baka, yana kuma kare kansa daga zargin cewa ya azurta da kuɗin mabiya. A farkon 1845 ikilisiyar Baftis ta Low Hampton ta fitar da Miller da magoya bayansa.

Jama'ar ta dare. Da yawa suka koma ikilisiyoyinsu na dā a kunyace, wasu suka bar addini ɗungum, wasu suka shiga ƙungiyar Shakers. Wasu suka ce lissafin daidai ne, Almasihu ya zo a ruhu, an shiga babban Asabar na shekara dubu, don haka aiki ya haramta. A jihar Maine har an gurfanar da wani mai wa'azi, Israel Dammon, gaban alƙali a Fabrairu na 1845 bisa tuhumar zaman kashe wando. Wasu kuma suka riƙe cewa an rufe ƙofar jinƙai ran 22 ga Oktoba, kamar yadda aka rufe wa budurwai biyar, saboda haka wa'azi ga duniya ya ƙare. Babban ɓangare, ƙarƙashin Himes, ya taru a Albany a watan Afrilu na 1845, ya yarda cewa an yi kuskuren rana, ya yi watsi da waɗannan ra'ayoyi. Leon Festinger da abokan aikinsa, a littafinsu na 1956 When Prophecy Fails, sun kawo mabiya Miller cikin misalan yadda rashin cikar annabci yakan ƙara wa masu bi himma. Wannan ya dace da abin da ya biyo bayan Maris na 1844. Bai dace da Oktoba ba, domin a karo na biyu ƙungiyar wargajewa ta yi.

Shi Miller, makonni kaɗan bayan ranar, ya rubuta wa Himes cewa ya sa sabon lokaci, kuma lokacin shi ne yau, kowace rana yau, har ranar da zai ga wanda yake jira. Watau ya koma inda Kiristoci suke tun kafin ya ɗauki alƙalami. Ya rasu ran 20 ga Disamba, 1849, idanunsa sun kusa rufewa.

Abin mamaki shi ne, ɓangaren da ya fi kowanne ƙanƙanta shi ya fi bunƙasa. Edson da abokansa O. R. L. Crosier da F. B. Hahn suka ce ranar daidai ce, wurin ne aka kuskure. Wuri mai tsarkin Daniyel a sama yake, kuma abin da ya faru a 1844 shi ne Almasihu, a matsayin babban firist, ya shiga sashe na biyu na aikinsa a can. Crosier ya buga wannan bayani a Fabrairu na 1846. Daga baya aka faɗaɗa shi ya zama koyarwar cewa tun daga 1844 ana bincika littattafan ayyukan masu bi a sama, kuma ba wanda ya san sa'ad da za a zo kan sunansa. A lura da abin da wannan ya yi wa ma'anar shiri. Ya riƙe zafin 1844, gama shari'a tana gudana yanzu haka, amma ya kawar da ranar da za ta iya zuwa ta kunyata mutum. Shiri ya koma halin zaman yau da kullum. Joseph Bates, tsohon kyaftin na jirgin ruwa, ya kawo kiyaye ranar Asabar, wadda ta shigo musu ta hannun 'yan Baftis masu kiyaye rana ta bakwai. Ellen G. White, wadda tana 'yar shekara goma sha shida ta yi jiran daren nan a Portland, ta zama mai faɗa a ji ta hanyar wahayoyin da mabiya suka gaskata tana gani, kuma ita ta shigar da kula da lafiyar jiki da abinci cikin guzurin mai jira.

Sai da suka kai ruwa rana kafin su yarda su zama ikilisiya mai rajista. Masu adawa suna cewa duk ƙungiyar da ta nemi suna da takardar hukuma ta zama Babila. Amma maɗaba'arsu ta Battle Creek a jihar Michigan tana bisa sunan mutum ɗaya ne, James White, mijin Ellen, in ya mutu kuma magada ne za su ɗauka. Wannan damuwa ta gado, a wurin mutanen da shekara goma sha shida baya suka ƙi tona dankali, ita ta rinjaya. A 1860 suka ɗauki sunan Seventh-day Adventist, a watan Mayu na 1863 suka kafa babbar majalisarsu da mabiya wajen 3,500. Gidan jinya ya biyo baya a 1866, kwaleji a 1874, kuma a shekarar ne suka aika J. N. Andrews zuwa Suwizalan, ɗan mishan ɗinsu na farko a hukumance. Yau mabiyansu a duniya sun haura miliyan 20, mafi yawansu a wajen Amurka.

Ta wannan hanya ce labarin ya iso ƙasarmu. David C. Babcock ya zo Nijeriya a 1914 ya zauna a Erunmu kusa da Ibadan, kuma sunansa ne jami'ar ɗariƙar da ke Ilishan-Remo take ɗauke da shi. A farkon shekarun 1930 J. J. Hyde da matarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, suka buɗe tasha a Jengre, arewa da Jos, suka fara da ɗakin shan magani wanda daga baya ya zama asibiti. Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Saminaka ya wuce ta garin.